Khala Rabi Ba Ta Yarda da Takwas

Duk wanda ya san Khala Rabi ya san ba ta sallama sai ta gama ƙirga. Za ta tsaya a bakin ƙofa, abaya a karkace, yatsa na yawo a kan kawunan mutane, leɓe na motsi. Gidan biki ne, gidan suna ne, ko layin sayen burodin tamis da safe, duk ɗaya ne a wurinta. In ta kai tara sai ta sauke numfashi ta ce, "Halas, an cika," sannan ta yi sallama. In kuwa takwas ta samu, ranar ba mai shan shayi cikin kwanciyar hankali.

Yayar Ummana ce, don haka ni na fi kowa shan wannan ƙirga. Shekara ashirin ta yi tana raino a gidan wasu Amurkawa a unguwar Abhur da ke Jidda, tana kai 'ya'yansu filin sofbol, wasan nan da ake jefo ƙwallo a doka da kulki a zagaya tashoshi huɗu da gudu. Ranar da masu gidan suka tashi, wasu ma'aikatan suka kwashi tukwane da barguna. Ita kuwa sai ga ta a unguwarmu Madain Fahd da buhu: tsofaffin safar hannu na fata guda tara, kulki biyu, da ƙwallaye da suka ga duniya. Ta ce ƙungiyar 'yan mata za ta kafa. Da baki da naci ta samar mana gurbi a gasar wata makaranta a Abhur, kowace Asabar da safe. Sharaɗin ɗaya ne: ƙungiyar da ta kasa cika tara a fili, a goge sunanta a ba masu jira. Mu kuwa tara muke cif, ko ɗaya ba ta yi saura ba.

Ta taran ma da ƙyar aka same ta. Jawahir ce, babanta yana sayar da turare a unguwar Mahjar, kuma ya rantse 'yarsa ba za ta yi gudu a gaban kafiran duniya da sanda a hannu ba. Khala ba ta yi masa musu ba. Kujera ta ja ta zauna a shagonsa, tana ɓarar fusfus, irin kankanan nan da ake soyawa, tana zubar da ɓawon a ƙasa. Duk wanda ya shigo ciniki sai ta gaishe shi da fara'a, ta raɗa masa cewa shagon gaba ya fi araha. A rana ta uku bawan Allah ya ɗaga hannu ya ce, "Ya Hajiya, ɗauke ta. In kina so ki haɗa da uwarta."

Safar nan kuwa ta fi 'ya'ya gata. Man da ake shafa musu ta ce ɓarnar kuɗi ce, don haka duk Babbar Sallah sai ta bi gidaje tana karɓar kitsen wutsiyar rago, ta narka ta mulke su da shi. Wallahi in muka sauka daga mota, magunan Jidda kaf sun san mun iso. 'Yan makarantar suna toshe hanci, Khala tana cewa ai mu kaɗai ne ƙungiyar da ke da 'yan kallo masu biyo ta har gida. In zare ɗaya ya tsinke, da zaren ɗinkin buhun shinkafa take gyarawa. Nafisa, ɗaya daga cikinmu, ta taɓa barin tata a rana, sati guda Khala ba ta amsa gaisuwarta ba.

To, wata Alhamis na hau saman gida kwaso shanya, iska ta bugo ƙofar ƙarfen nan a kan hannuna na hagu, hannun da nake sa safa. Ban yi ihu ba. Abin da ya fara zuwa min a rai shi ne takwas. Kun san ni da fargaba tun ina yarinya. In na faɗa wa Umma, ta hana ni fita. In ban fita ba, a goge mu, kuma a ce Sumayya ce ta jawo. Kafin la'asar yatsu biyu sun kumbura sun yi baƙi. Sai na kwaɓa lalle na dulmuye hannayen duka biyu har wuyan hannu, don kada a gane. Umma ta yi ta murna, wai yau 'yarta ta tuna ita mace ce.

Ranar Asabar Khala ta ƙirga mu a bakin mota, ta ƙirga a cikin mota, ta sake ƙirgawa a fili. Ta kalli lallen ta taɓe baki ta ce amarya muka samu, saura in ɓata mata safa. Na juya baya na tura hannun ciki, sai da na ciji gefen mayafina.

Ni ce mai tsaron tashar farko, ma'ana duk ƙwallon da aka tsinta ni ake wurgo wa. Na farko da ya faɗa cikin safar, na ji shi har cikin haƙorina. Daga nan addu'ata ɗaya ce, Allah Ya sa masu duka su yi ta kuskure. Ina. Jawahir mai hannu kamar majaujawa ranar ta tashi da ƙarfinta, kuma ita ke wurgo min. Na cafe na biyu, na cafe na uku, gumi na zuba, filin yana juya min. Can daga gefe ina jin Khala tana "Yalla, yalla, maza-maza," ina satar kallon alƙaliyar wasa, ina lissafin saura zagaye nawa. Na huɗu ya suɓuce. Na biyar ma ko ɗaga hannun ban iya ba, ya wuce ta gefen kunnena.

Sai ga Khala tafe, abaya na kaɗawa, tana faɗa tun daga nesa cewa lalle ya kashe min zuciya. Ta cafki safar za ta zare. Safa ta ƙi fita. Ta sake ja, na durƙushe. Ta leƙa ta bakin safar, ta ga wuyan hannun ya cika ta tam, sai ta bar faɗan. Ta zuge jakarta, wadda ba abin da babu a ciki, ta ciro almakashi.

Na ce, "Khala, safar ce fa."

Ta ce, "Rufe min baki."

'Yan matan suka zagaye mu. Matar da ta yi sati tana gaba saboda an bar safa a rana, ita ce ta datsa ta tun daga wuya har yatsa, ko dubanta ba ta yi ba da ta faɗi ƙasa. Ina kuka ina cewa za mu zama takwas, za a goge mu. Ta ce in zauna a inuwa, wannan ba damuwata ba ce.

Ta nufi alƙaliyar wasa, wata malama 'yar Filifin, ta ce ita za ta shiga a madadina. Malamar ta ce gasar ta 'yan ƙasa da sha shida ce. Khala ta gyara mayafi ta ce, "Ni a gida aka haife ni, ba wanda ya rubuta. Kawo takardar da ta ce na wuce sha biyar." Malamar ta yi dariya har da riƙe ciki, mai horar da ɗaya ƙungiyar ma ta ce a bar ta. Haka Khala ta tsaya can ƙarshen fili da silifas, hannu ba safa, mage biyu a gindinta. An ci mu cin da har yau ba na son tuna adadinsa, amma sunanmu bai gogu ba.

A hanyar asibiti ta riƙe hannuna a cinyarta har muka kusa isa. Sannan ta ce, "Safa fatar matacciyar saniya ce, Sumayya. Ni na cusa miki tsoron takwas, ki yafe min." Yatsu biyu ne suka karye. A gaban Umma ta ɗauki laifin duka, ta sha faɗan ƙanwarta. Washegari ta koma Mahjar neman ƙanwar Jawahir ta maye gurbina. An ce ko kujerar ba ta kai ga ja ba, mai turare ya ce ya amince.

Bara da ta rasu, muka buɗe akwatinta. Safar tana ciki, an haɗe ta da zaren buhu, ɗinki kusa da kusa, har yanzu tana warin kitse. Ranar zaman makoki muka haɗu mu na farko, wasu da goyo, wasu sun taso daga Makka. Ban ankara ba sai na ji yatsana, wannan karkataccen, yana bin kawuna. Tara muke. Na jira in ji an ce an cika, ba wanda ya ce.

Allah Ya jiƙan Khala Rabi, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta. Ya sa a ranar da za a ƙirga mutanen Aljanna a same ta a ciki, mu ma kada a rasa ko ɗaya daga cikinmu. Amin.