Ƙeyar Issoufou Mai Tsire

Akwai wata magana a kan Issoufou mai tsire na unguwar Mansur a nan Makka da ke ta cin raina, amma ku dakata, ba a faɗinta a tsaye. Kun dai san shi, ɗan Damagaram ɗin nan, siriri kamar tsinken tsirensa, wanda in ka gaishe shi yau sai jibi ya amsa. Ba mata, ba ɗa, ko kyanwa ba ta leƙa ɗakinsa. Ya zo aikin Hajji tun gashinsa na baƙi ya maƙale, ba iƙama, takardar zama, ba komai. Yajinsa kuwa, wallahi har Larabawa na kuka suna ƙarawa. Af, maganar ko?

To, wannan bawan Allah ɗan fim ne. Ƙasar Denmak kaf ta san shi. Ta baya.

Tun yana direba a Damagaram wani Baturen Denmak mai shirya fim ya ɗauke shi aiki. Dogo ake ce masa, don sai an naɗe shi yake shiga mota. Ya yi suna a ƙasarsu da wani fim na masunta, inda ake ta kallon teku har ka yi barci ka farka ba abin da ya wuce ka. Irin wannan shirun ya zo nema Nijar. Kullum yana kujerar baya yana kallon ƙeyar direbansa, ran nan sai ya ce, "Isufu, sauka, yi ta tafiya, kar ka waiwayo."

Haka suka yi ta yi. Fim ɗin rijiya, na tashar mota, da na wani mai neman raƙuminsa. Turawa na sharar hawaye, ana ta rataya wa Dogo lambar yabo. Issoufou kuwa ko hancinsa bai fito ba.

Yanzu Dogo ya tsufa, ciwo ya cinye shi, ya rantse ba zai mutu ba sai ya ɗauki fuskar nan. Ya sauka Jidda, ya tari tasi ya ce Makka, kamar mai zuwa cefane. A shingen hanya aka nuna masa allo: wanda ba Musulmi ba ya bi ta can. Shi ba ya shiga. Issoufou kuma in ya doshi shingen nan ba takarda, sai dai ya farka a Yamai.

Jiya da la'asar ya kashe wuta, naman ko rabi bai ƙare ba. Ya shige ɗaki, ya jingina jawwal ɗinsa, wayar hannu ke nan, da buta, tsohon ya bayyana a ciki.

"Isufu, zo Jidda," in ji Dogo da gurguwar Hausarsa. "Kusa ne."

"Dogo, in na fita ba dawowa. Ni nan nake so a binne ni."



"To, matso," Dogo ya ce. "Fuska wajen taga. Kar ka yi komai."

Issoufou ya gyara hula, ya shafa gemu, ya zauna. Wayar ta zame, Dogo ya ga rufin ɗaki. Ya tashi ya sake jingina ta, kafin ya koma mazauninsa ta sake kifewa. Ya daɗe yana kallonta a ƙasa.

Sai ya ce da ni, ko juyowa bai yi ba, "Kai Muttaka, munafukin Allah, tun ɗazu nake ganin silifas ɗinka ta ƙasan ƙofa. Tunda kunnen ya riga ya shigo, shigo da hannun ka riƙe mini wayar nan."