Dutse na Uku a Murhun Suna

A wajenmu, kusa da Maska, duwatsu iri biyu ne. Akwai mai haske, fari da ɗigo-ɗigon baƙi kamar jikin zabuwa, yana ƙyalli a rana. Shi ko'ina ana samunsa, har bakin gona. Akwai kuma baƙi wuluk, wanda in ka ɗaga za ka ji nauyinsa ya fi girmansa. Shi sai an nema. Ƙanena da ke aiki inda ake fasa dutse ya ce dukansu a ƙarƙashin ƙasa suka narke, suka daskare a hankali. Ni dai a murhu na san bambancinsu. Mai hasken in ya sha wuta sai ya riƙa ɓarewa, baƙin kuwa ya daure.

Da za a yi sunan jikata ta fari, na aro ƙatuwar tukunyar ƙarfe wurin Iya, wata Bayarabiya mai sayar da kwanuka a Funtua, wadda muka daɗe muna mutunci. Tun da aka sauke ta daga babur hankalina ya tashi. Kayan aro ne. In dutse ya fashe tukunya ta kife ta tsage, da wane ido zan dubi Iya?

Na bi gefen rafi na samo baƙaƙe biyu masu kyau. Na uku ya gagara. Dole na cika da mai haske. Na kwaɓa laka na shafe shi da kauri, na sa shi ta bayan murhu, nesa da inda ake tura itace. Duk da haka raina bai kwanta ba.

Ranar suna aka ɗora shinkafa, ni kuma na jawo kujera na zauna kusa da dutsen nan mai haske. Ƙanwata ta leƙo daga cikin gida.

"Yaya, baƙi na ta tambayar kakar jaririya, ke kina nan kina gadin dutse?"

"Je ki ce ina zuwa."

"Ko shi ne za a raɗa wa sunan?"

Masu girki suka kwashe da dariya. Ban kula su ba. Can ana juya shinkafa sai na ji tas! Lakar ta tsage, ɓawon dutsen ya ɓalle ya faɗa toka. Na miƙe ina salati. Tukunyar ta ɗan karkata, ta tsaya. Na sa aka janye itace daga wannan gefen, shinkafa ta ƙarasa nuna a kan garwashi. Baƙaƙen nan biyu ko gezau.

Sai da aka sauke tukunya na shiga na ɗauki jikata. An riga an ci rabin hira ba ni, amma abinci ya ishi kowa.

Washegari na goge tukunyar da toka, na kai ta Funtua da kaina. Na kifa ta gaban shagon Iya ina nuna mata gindin.

"Iya, duba da kyau, ko akwai inda ta lotsa."

Ko kallonta ba ta yi ba.

"Haba Hajiya! Tukunyar da ta taɓa faɗowa daga kan mota ba ta yi komai ba? Tura ta can ciki. Ni ina naman sunana?"

Na kwance ƙullin naman da na taho mata da shi na miƙa mata, ta matsa mini a benci muka zauna.