Gut Ɗin Baba

Na iske Baba zaune, babban yatsan ƙafarshi a kumbure, hannunshi kuma cikin kwanon hanta.

Makon jiya likita a Dutsi ya ce sinadarin asid irik ya yi mishi yawa a jini, ciwon da ake kira gut da Faransanci. Ya hana shi kayan ciki.

Inna ta fito. "Malam, mi likita ya ce?"

"Gut ya ce, Hajiya. Na tsufa ina koyar da Faransanci, gut ai ɗanɗana ne."

Ta ɗauke kwanon, ta aje kopto, kwaɗon ganyen zogale. "To, ɗanɗana wanga."

Inna ta fi kowa son hanta, amma tun ranar ba ta ƙara taɓa ta ba, don kar ya ci ganye shi kaɗai.

Ku ƙaƙa kuke lallashin naku tsofaffin?