Takardun Kwamared a Saman Kabad

Har yau ban manta da ranar Talatar da Madam Ngozi ta kira ni ofishinta ba. Lokacin ina mataimakin jami'i a wani ofishin adana takardun tarihi a Inugu, ita ce shugabar sashenmu, ni kaɗai ne kuma Bahaushe a wurin.

Ku yaran yanzu ba ku san Kwamared Habu Jar Hula ba. Ɗan gurguzu ne, irin waɗanda suka yarda cewa dukiyar ƙasa ta ma'aikata ce, ba ta masu kuɗi ba. Ya yi aikin jirgin ƙasa, aka kore shi. Ya haɗa kan 'yan dako a Fatakwal, ya tayar da mahauta a Anacha, ya zo ya ƙare rayuwarsa a unguwar Asata a nan Inugu, kullum yana rubutu. Ni kuwa na cika wa Madam kunne da labarinsa, har ta buɗe masa fayil.

Ƙa'idar aikinmu ita ce, idan aka buɗe wa mutum fayil, sai an kawo takardunsa na asali, iyalinsa sun sa hannu, sannan a ba takardun lamba. In babu takarda, rufe fayil ake yi, sunan mutum ya fita daga jeri. Wata uku fayil ɗin Kwamared ba komai ciki sai surutuna.

Madam ta dube ni ta saman tabarau. "Malam Isa, ran Juma'a zan rufe. No paper, no file."

Na hau okada sai Asata, gidan 'yarsa Hajiya Ladi. A nan aka haife ta, Inyamurancinta ya fi na Madam gudu. Bayan mun gaisa na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Ayya, ka makara da shekaru. Buhu huɗu ne na boko. Ɓeraye suka dame mu, na ba Ɗanjuma mai tsire."

Na tafi kasuwar Ogbete na sami Ɗanjuma yana jera nama. Na tambaye shi takardun.

Ya ce, "Oga, ai takardu ne masu kyau, ba sa shan mai da wuri. Rabin unguwar Coal Camp sun ci tsire a cikinsu."

Ya laluba ƙarƙashin tebur ya zaro min shafi ɗaya da ya yi saura, duk yaji da ƙuli. Kalma uku kawai ke karantuwa. Ya ƙara min da tsinke biyu wai na jaje. Na ci, don ba laifin naman ba ne.

Washegari na koma wurin Hajiya don in shaida mata an rufe magana. Ina shirin tashi, sai bakina ya ce, "Hajiya, jiya kin ce na boko. Akwai waɗanda ba na boko ba ne?"

"Akwai na addu'o'insa. Su ai ba a wasa da su. Masallaci na kai wa Liman."

Kun san halinmu. Duk takardar da aka gani da baƙaƙen Larabci, ba a taka ta, ba a naɗe abinci da ita, sama ake ɗora ta. Hajiya boko ta yi, karatun allonta bai yi nisa ba, ba ta san Hausa ce babanta ke rubutawa da ajami ba. Amma kuma na san abin da ake yi wa tsofaffin takardun masallaci in sun yage: haɗa su ake a binne da mutunci. Na garzaya masallaci.

Na sami Liman Malam Sule bayan azahar, tsoho tukuf, yana zaune a shirayi. Na durƙusa muka gaisa har kan gajiya da iyali da ruwan sama.

Na ce, "Allah gafarta Malam, takardun da Hajiya Ladi ta kawo, an binne su ne?"

"An binne na binnewa," in ji shi. Ya nuna saman kabad da sandarsa. "Kai ka fi ni tsawo. Sauko da wancan ƙunshin."

Ƙunshi ne babba, an naɗe shi da farin ƙyalle, yana ta ƙamshin turare. Na kwance, na karanta layin farko a zuci. Kira ne ga mahauta su daina yanka sai dillalai sun ƙara musu lada. Na dubi Liman.

"Malam, wannan fa ba addu'a ba ce."

"Ɗana, ni na koya wa Habu ajami. Kana tsammani ban san abin da ke ciki ba? Shekara da shekaru muna gardama da shi a kan wannan tabarmar. Ya idar da salla ya juyo ya ce min ina bayan masu kuɗi."

"To me ya sa ba ka gaya wa mutane ba?"

"Da na gaya musu, da yanzu takardun suna wurin Ɗanjuma. Ni ban ce addu'a ce ba, ban kuma ce ba ita ba ce. Ladan yana sa musu turare duk Juma'a, na bar shi."

Na ce zan kawo takardar sa hannu, shi da Hajiya. Ya ce zai sa, amma da sharaɗi. Idonsa ya yi rauni, akwai wata waƙa a ƙasan ƙunshin da yake so in karanta masa kafin a tafi da ita.

Na nemo ta. Ashe shi aka yi wa. Kwamared ya rubuta cewa akwai wani limami a Asata da ba ya ganin laifin dillali, muddin hantar saniya tana isowa gidansa kowace safiya. Na tsaya a tsakiya don kunya.

"Ci gaba," in ji shi.

Na kai ƙarshe. Tsohon nan ya yi dariya har da hawaye, ya sa gefen rawani ya share.

"Maƙaryaci. Ya sani sarai ƙoda nake so. Allah Ya jiƙan Habu. Ku rubuta a fayil ɗinku cewa ban yarda da baiti na uku ba."

Ran Juma'a da safe na ajiye ƙunshin a teburin Madam. Ta shinshina, ta tambaye ni ko duk 'yan gurguzun Hausawa haka takardunsu ke ƙamshi. Wata biyu na yi ina mayar da su boko. Shafin Ɗanjuma ma na ba shi lamba, da yajinsa. Ƙorafin Liman kuwa yana nan a shafin farko, na rubuta shi yadda ya faɗa.

Tun daga ranar, in aka aike ni neman takardun mutum, ba na tsayawa kan iyalinsa da magoya bayansa. Nakan tambaya wa ya fi yin gardama da shi. Na gwada a Anacha, na gwada a Fatakwal, sau da yawa a can nake samu. Ku ma in an aike ku, ku tambaya. Kuma ku riƙa duba saman kabad.