Addu'ar Safe da Janyewar Kogi

Ranar Litinin ce, da ƙarfe shida na safe, muna zaune a falonmu na unguwar Plumstead a birnin Landan, ni da uwargidana da autarmu, sa'ad da yarinyar ta rufe littafin waƙoƙi ta ce daga gobe ba kullum za a riƙa ganinta a addu'ar safe ba.

A makarantar mishan da na yi, ƙararrawa ce ke tashe mu, ita ke kai mu sujada, wanda kuwa ya iso bayan ta yi shiru a waje yake tsayawa. Da wannan tarbiyya na gina gidana. Ƙa'idata ɗaya ce: duk mai kwana a ƙarƙashin rufina, ƙarfe shida ya same shi a zaune.

Autar tamu injiniya ce a matatar da ke cire gishiri daga ruwan kogi, can ƙetaren kogin Thames. Ta bayyana mini cewa ruwan wurin zartsi ne, domin kowace rana teku na shigowa ya gauraya da shi, sa'an nan ya janye. Injuna ke tura shi da ƙarfi ta cikin rariya mai ƙananan ƙofofi, kuma gwargwadon yawan gishirin, gwargwadon wutar lantarkin da za su sha. An ɗora mata aikin rage wannan tsada. Dabararta ita ce a taƙaita ɗibar ruwa zuwa ƙarshen janyewar teku, lokacin da gishiri ya fi ƙaranci. Sai an yi watanni ana gwaji, kuma dole ta tsaya a kai da kanta.

Na ce, "To, ki roƙi manyanki su sa gwajin bayan ƙarfe takwas."

Ta yi dariya. "Baba, ba manyana ke ba ni shift ba, kogi ne. Kullum sai ya ƙara kusan awa guda a kan na jiya."

"A gidan nan ana cewa lokacin aiki. Kuma ƙa'ida ba ta tafiya da ruwa."

"In haka ne, sai in nemi hayar flat kusa da aiki," in ji ta, ba tare da ɗaga murya ba.

Da ta fita, uwarta ta dube ni ta ce, "Malam, yayyenta duka sun tafi. In ka kori wannan, kai da kujeru za ku riƙa amsa amin."

Ba ɗabi'ata ba ce in yanke hukunci a kan abin da ban gani da idona ba. Saboda haka ranar Asabar na sa kwat da hula, na ce wa yarinyar ta kai ni bakin kogi a unguwar Woolwich. Na shekara da yawa ina wuce wurin a bas, ban taɓa tsayawa na duba ba. Muka tarar ruwa ya ja baya ƙwarai, laka baƙa a shimfiɗe, tsuntsaye na tsattsaga a cikinta. Ta duba agogonta ta ce yanzu zai juyo. Na duba nawa, domin ban cika yarda da agogon wani ba. Muna tsaye ruwan ya yi kamar ya daskare, sa'an nan wani guntun katako da ke gangarawa ya tsaya, ya fara komowa.

Na tambaye ta, "Yakan yi latti?"

"Iska kan ɗan taɓa shi, Baba, amma an san lokacinsa tun shekarar ba ta kama ba. Ya fi ka tsanani."

Na daɗe ina nazarin wannan a hanyar komawa. Abin da na ƙi a rayuwata shi ne sakaci, wato mutum ya zo lokacin da ya ga dama. Yarinyar nan kuwa ba son ranta take bi ba. Tana bin wani lokaci ne da ba ya jiran kowa, wanda kuma ba hannun ɗan Adam ya tsara shi ba. Ƙararrawarmu ta makaranta, in an bi diddigi, wani dattijo ne mai tari yake kaɗa ta.

Da maraice na sanar da hukuncina. Addu'a za ta riƙa kasancewa kafin fitarta, ko da asuba ne ko da hantsi, kuma kowane daren Lahadi za ta faɗa mana lokutan mako. Wanda ya makara, ko ni ne, a bakin ƙofa zai tsaya. Uwargida ta yi gunaguni cewa yanzu ba ta san sa'ad da za ta dama kunu ba.

Gwajin ya ƙare da kaka, matatar ta karɓi tsarinta. Ba ta nemi flat ba, kuma addu'a ta koma ƙarfe shida.