Ragayar Kekuna

Ranar kasuwar Illela ce, a daminar da na shiga ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko, Iya, kakarmu, ta yi tuntuɓe da fedar kekena a zaure. Idanunta sun riga sun yi rauni, zauren namu kuwa kamar akurki, ga kekuna uku jingine: na Baba, na Yaya Sani, da nawa. Ƙwaryar furarta ta kife, ƙaurinta ya fashe. Baba ya dubi jinin, ya dube ni, ya ce, "Gobe keke guda za ya barin gidan ga." Ba sai an faɗa mini na wa ba. Baba na zuwa gona da nasa, Yaya na kai albasa kasuwa, ni kuwa yawo ne ya fi yawa. A waje ruwa zai cinye shi da tsatsa, saboda haka ƙauye za a aika shi, gun kawu.

Na wuni ina kumbure-kumbure, ko tuwo na ƙi ci. Iya da na ji wa ciwo ita ce ta kira ni ɗakinta, ta nuna mini ƙorenta na rataye cikin ragaya, ƙasa fayau. Ta ce, "Kai wawa, wa ya ce maka keke sai ƙasa shika kwana?"

Da gudu na sassaƙa turaku na buga a bango. Na manta bangon laka ne, ga damina. Ina rataya keken ya zubo har da ɓangaren bango, Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Sai muka koma ga azarar rufi. Maƙerin unguwa ya lanƙwasa mana ƙugiyoyi, muka naɗe su da tsohuwar roba don kada su ci ƙarfen, muka rataye kowane keke ta ƙafar gaba, ɗaya sama-sama ɗaya ƙasa-ƙasa don kada kawunan su sarƙe. Baba ya shigo, ya wuce ya dawo bai taɓa komai ba, ya ce a kawo masa tabarma ya zauna nan zauren. Ba a sake zancen aika kekena ƙauye ba. Daɗin da na ji ran nan har yau ban manta ba.

Yanzu babura ne a ƙofar gidan, zauren ma an shafe shi da siminti. Ƙugiyoyin dai suna nan. Da Iya ta rasu, a ƙugiyar kekena muka rataye ragayarta, kuma ban taɓa yarda a sauke ta ba.