Mai Sabunta Rubutun Bango

Duk safiyar da ruwa ya kwana yana sauka, Malama Huseina Yazid takan ƙulle gawayi a gefen mayafi, ta hau babur daga Kurfi zuwa wata unguwa a yankin Barkiya. Ba kowa a unguwar. Tun da 'yan bindiga suka shiga bara, mutane suka watse.

A can ta yi shekaru tana koyar da matan aure karatu. Kafin su gudu, ɗalibanta sun rubuta a bangon gidajensu inda suka nufa, don waɗanda aka sace su san inda za su neme su. Ruwa yana wanke gawayi. Malama ce ke bi tana maimaita kowane layi.

Mubina Ja'afar, mai karatun digirin digirgir a Dutsin-Ma, tana bincike ne kan ko manya na ci gaba da rubutu bayan an rufe aji. Ta bi Malama sau ɗaya. Ta ce ƙofofi a buɗe suke, ciyawa ta fito cikin turame, ko kukan kaza babu.

"Malama, wa zai karanta wannan?"

"Ke dai riƙe mini gawayi, Dakta."

"Ban zama ba tukuna."

"To riƙe kafin ki zama."

Suka isa gidan Zinariya, wadda aka sace ƙanwarta Rabi'atu. Dangi sun fid da rai, har sun sa ranar sadaka. A bangon an rubuta: "Rabi'atu, muna Kurfi, bayan kasuwa." A ƙarƙashinsa akwai sabon layi, ruwa bai taɓa shi ba: "Na gani. Suna kawo mu ɗiban ruwa."

Mubina ta waiwaya wajen rijiya. Igiyar guga a jiƙe take.

"Hannunta ne," in ji Malama. "Haka take danne gawayi tun tana aji." Ta rubuta, "Muna jiranki," sannan suka tafi ba tare da gudu ba.

Malama, ke ce kika ƙi barin bango ya yi shiru. Ba a ɗauke ki aiki don wannan ba, kin kuma san waɗanda ke bin hanyar. Mun gode. Masu koyar da manya su duba: aikin bai ƙare ranar da aka rufe aji ba.

Rabi'atu ba ta dawo ba tukuna. Amma Zinariya ta aika wa dangi cewa a fasa sadakar.